Wanda Ya Riga Zuwa Ba Shi Ke Riga Ganin Likita Ba

A wannan wata za mu taɓo wata magana da ta daɗe tana jawo ɓacin rai tsakaninmu da ma'aikatan asibiti, wato maganar layi a ɗakin gaggawa, wanda ake kira urjans da Faransanci.

Akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a majalisunmu, daga bakin kasuwa har tashar kwale-kwale. Mutum zai ce ya kai iyalinsa asibiti tun da hantsi, ya yanki tikiti, ya zauna bisa benci, sai ga wani ya shigo bayan azahar an wuce da shi ciki nan take, shi kuwa yana nan zaune har la'asar. Daga nan sai fassara ta tashi. Wani ya ce ai an cusa wa majo wani abu a aljihu. Wani ya ce dangin ma'aikaci ne. Wanda kuma ya fi zafi, wani ya ce don mu Hausawa ne, ana yi mana kallon baƙi. To, ba mu ce son kai ba ya faruwa a duniya ba, za mu zo kansa a gaba. Amma sau da yawa abin da idonmu ya gani doka ce ta aikin asibiti, wadda ake bi a Kwatano da Yamai da Kano da Faris, kuma rashin saninta yana sa mu yi fushi a inda ya kamata mu gode wa Allah, mu kuma yi shiru a inda ya kamata mu ɗaga murya.

Mu dai mun saba da hanya biyu ta shiga gaba. Ta farko ita ce ta layi: a injin niƙa, a famfo, a wurin sayen tikitin mota, wanda ya riga zuwa shi ke gaba, kamar yadda aka ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ta biyu ita ce ta girma: dattijo, malami, mai sarauta, ana matsa masa ya wuce, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau da muke koya wa yaranmu a gida da makaranta. Ɗakin gaggawa kuwa yana da hanya ta uku. Can ba a tambayar wa ya riga zuwa, ba a kuma tambayar wa ya fi furfura. Tambaya guda ce: a cikin mutanen nan, wane ne zai rasa ransa, ko ya rasa wata gaɓa, in aka bar shi ya jira? Shi ake fara ɗauka, ko da almajiri ne, ko da yanzu ya shigo.

Wannan tsari sunansa triyaj, daga kalmar Faransanci trier, wato tsincewa ko rarrabewa, kamar yadda 'yan albasa ke ware mai lafiya da mai tabo kafin a ɗura a buhu. A Hausa sai mu ce tantance marasa lafiya. Asalinsa daga fagen yaƙi ne. Wani likitan fiɗa na sojojin Faransa a zamanin Napoliyon, mai suna Dominique-Jean Larrey, wanda aka haifa a 1766 ya rasu a 1842, shi ne ya kafa dokar a fara da wanda rauninsa ya fi haɗari, ba tare da duba galarsa ba, hafsa ne ko ƙaramin soja. Shi ne kuma ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri da ke kwaso masu rauni tun ana cikin faɗa, waɗanda su ne kakannin ambulas ɗinmu na yau.

Daga baya asibitocin farar hula suka ɗauki wannan dabara suka tsara ta. A Ingila, a shekarun 1990, likitoci da nas-nas na birnin Manchesta sun raba marasa lafiya launi 5. Ja, a gan shi nan take. Ruwan lemo, cikin minti 10. Rawaya, cikin minti 60. Kore, cikin minti 120. Shuɗi, cikin minti 240. Ku duba da kyau, jama'a: a ƙasar da ke da likitoci da kayan aiki, mai ƙaramin ciwo yana iya zaman awa 4 bisa doka, ba wanda ya zalunce shi. Afirka ta Kudu ma ta fito da nata ma'aunin mai launuka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, tare da ƙungiyar Kurwa Ruj ta duniya da ƙungiyar Likitoci Ba Iyaka, sun haɗa wani mai sauƙi domin asibitoci irin namu, mai launi 3 kacal: ja, rawaya da kore. Ko asibiti ya manna launukan a bango ko bai manna ba, tunanin da ke cikin kan ma'aikacin da ke karɓar mutane shi ke nan.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na yara. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tantance yara marasa lafiya, wanda a ƙasashe masu Faransanci ake kira TETU. An gwada shi sosai a Malawi, a babban asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre. Da aka horar da ma'aikata, aka kuma gyara tsarin ɗakin karɓar yara, yawan yaran da ke mutuwa bayan an kwantar da su ya sauko daga tsakanin 10 da 18 cikin ɗari zuwa tsakanin 6 da 8 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2006. Ba wani sabon magani mai tsada aka sauke daga jirgi ba. Abin da aka yi shi ne aka daina barin yaro mai numfashi sama-sama a bayan layi.

Yaya ake wannan tantancewa? Ma'aikacin da ya ƙware ba ya buƙatar fiye da daƙiƙa 20 a kan yaro guda. Yana duban hanyar numfashi, ko wani abu ya toshe ta. Yana duban numfashin, ko ƙirji na lotsawa, ko leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi. Yana taɓa hannu ya ji ko ya yi sanyi, ya danna farce ya saki, in jini bai dawo cikin daƙiƙa 3 ba, jijiya kuma na bugawa da sauri ba ƙarfi, to, jiki ya fara kasawa. Yana duban ko yaron ya suma, ko yana jijjiga. In mai gudawa ne, ya dubi ko idanu sun faɗa, ya tsunkuli fatar ciki ya ga ko za ta koma da wuri. In an sami ɗaya daga cikin waɗannan, yaron ja ne, ba ya jiran kowa.

Bayansu sai masu matsayi na biyu, waɗanda ake matso da su gaban layi: jariri ɗan ƙasa da wata 2, yaro mai zafin jiki ƙwarai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, wanda ya sha guba ko kananzir, mai ƙuna, mai tamowa, wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, da wanda aka turo da takarda daga wani ƙaramin asibiti. Sauran kuwa, masu mura, masu ƙaiƙayi, masu ƙurji, masu tarin da bai taɓa numfashi ba, su ne 'yan layi.

Manya ma haka abin yake. Mace mai ciki ko mai jego da ke zubar da jini, ko mai ciki da ke jijjiga, ko wadda kanta ke sarawa idonta na ganin dishi-dishi, ja ce. Dattijon da ƙirjinsa ya ɗaure yana gumi, da wanda bakinsa ya karkace hannunsa ya mutu farat ɗaya, ba sa jira. Haka wanda ya faɗi daga kabu-kabu kansa ya bugu yana amai. Haka kuma wanda maciji ya sara a gonar shinkafa. Wannan na ƙarshe abin lura ne, domin wanda kububuwa ta sara yana iya shigowa da ƙafarsa yana gaisawa da mutane, alhali dafin yana hana jininsa daskarewa a ciki. Ba banza ba kakanninmu suka laƙaba mata gobe da nisa.

A nan ne idon mai jira ke yaudararsa. Mu a ganinmu wanda ya fi ihu shi ya fi ciwo, wanda rigarsa ta jiƙe da jini shi ya fi kusa da mutuwa. Ma'aikacin lafiya kuwa ya san yaron da ke tsala kuka yana da ƙarfin numfashi, abin tsoro shi ne yaron da ya yi lamo a bayan uwarsa, ba kuka, ba kama nono. Yankan goshi yana zubar da jini mai tayar da hankali, amma ana danne shi da tsumma mai tsabta ya tsaya. Matar da ke zaune shiru a lungu ta riƙe mara, fuskarta ta yi fari, wataƙila ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini na zuba a ciki ba mai gani. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Akwai kuma ranar da ba a fata, ranar da masu rauni suka fi ƙarfin ma'aikata. Hanyarmu ta zuwa Kwatano hanya ce ta manyan kamiyo da motocin fasinja, kuma ba mu manta da haɗarin da ya auku kusa da Dassa-Zoumè a watan Janairun 2023 ba, inda motar fasinja ta yi karo da babbar mota ta kama wuta, mutane fiye da 20 suka rasu. A irin wannan rana likita yana fara wa da waɗanda taimakon gaggawa zai iya cetowa, masu iya tafiya da ƙafarsu kuwa a tara su gefe. Hukunci ne mai nauyi, kuma ba rashin imani ke sa a yanke shi ba.

Me ya sa wannan magana ta fi damun mu a nan Malanville? Ƙasar Benin an raba ta shiyyoyin lafiya 34, tamu ita ce ta Malanville da Karimama. A ƙidayar 2013 waɗannan ƙananan hukumomi biyu sun haura mutum 230,000. Daga Guéné, Garou, Madécali, Toumboutou, har ƙauyukan bakin kogi na Karimama, duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin garinsu nan ake turo shi. Ga 'yan kasuwa da direbobi da ke cika gari ranakun kasuwa. In ciwo ya fi ƙarfin nan kuma sai Faraku, tafiyar kimanin kilomita 320, Kwatano kuwa ta haura 700. Wanda za a tura nesa haka, kowane minti da ya ɓata bisa benci an cire shi ne daga ransa. Ga damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, kogin Kwara ya yi ambaliya ya yanke hanyoyi, amai da gudawa su biyo baya. Ga rani da sanƙarau. Saboda yawan zazzaɓin nan ne ma shiyyarmu ta kasance cikin na farko da aka fara rabon maganin rigakafin damina ga yara a 2019. Ma'aikata kaɗan, marasa lafiya da yawa, in ba a tantance ba to wanda ya fi ƙarfin ƙafa da baki shi zai shiga, mai rauni ya mutu a ƙofa.

To, mene ne namu a ciki? Na farko shi ne bakinmu. Tantancewa tana dogara ne da abin da ma'aikaci ya gani da abin da aka gaya masa, mu kuwa muna da al'adu biyu masu kyau da ke cutar da mu a wannan wuri, wato doguwar gaisuwa da kunya. An tambayi mara lafiya yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhali da ƙyar yake numfashi. An tambayi mace me ke damun ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ciwon ciki ne, don surukinta na tsaye, alhali ta jiƙa zane uku da jini. Wanda ya ce da sauƙi, layin masu sauƙi za a sa shi. Ɗakin gaggawa ba zauren suruki ba ne. A faɗi abu mafi muni tun a jimlar farko: me ya faru, tun yaushe, sau nawa. In mace ce, maza su ja baya, a bar ta da 'yar'uwarta mace ta yi bayani.

Na biyu shi ne harshe. Ma'aikacin da aka turo daga kudu wataƙila ba ya jin Hausa, Dandancin ma kame-kame yake yi. Yawancin abin da muke ɗauka wulaƙanci ne, rashin fahimta ne. A tafi da wanda ke jin Faransanci, ko da ɗan makaranta ne na aji shida. Mu malamai ma ya kamata mu koya wa 'yan ajinmu waɗannan gajerun kalmomi kamar yadda muke koya musu jadawalin sau: il convulse, yana jijjiga, elle saigne, tana zubar da jini, il respire mal, ba ya numfashi da kyau, il ne tète plus, ya daina shan nono, morsure de serpent, saran maciji. Kalma biyu irin waɗannan a bakin ƙofa sun fi roƙo da magiya na rabin awa. A riƙe karnen asibiti, da takardar da aka turo mutum da ita, da kwalin duk maganin da aka sha a gida, har da jiƙo da sassaƙe, kada a ɓoye. In guba aka sha a zo da kwalbar.

Na uku, launi ba tambarin dindindin ba ne. Wanda aka ce ya jira da safe yana iya rikicewa da rana. In kana zaune ka ga yaronka ya fara sandarewa, ko numfashinsa ya sake, ko ya daina amsa kira, kada ka ce haƙuri maganin zaman duniya. Tashi nan take ka kira ma'aikaci da ƙarfi. Haka in ɗan wani ne kusa da kai, uwarsa baƙauya ce tana jin tsoron magana, kai ka yi magana a madadinta. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kara ƙafarsa a wuta. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya tamau, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauko shi.

Na huɗu kuma shi ne mafi girma. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun nuna jinkiri iri 3 ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu kullum na ukun muke zagi, alhali na farkon a cikin gidajenmu yake. Yaro ya kwana 4 da zazzaɓi ana ta sayen ƙwayoyi a tire, sai da jininsa ya ƙare aka ruga da shi, sa'an nan a ce likita ya yi minti 15 bai zo ba. Mu al'umma ce ta fatauci, maigida yana Gaya yau, gobe Kamba, jibi Kwatano. Duk magidancin da zai yi tafiya ya bar izini a fili cewa in ciwo ya tashi a tafi asibiti ba sai an neme shi a waya ba, ya bar 'yan jikkuna da aka ware domin haka, ya kuma nuna wane maƙwabci mai babur za a tasa da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnati ta shelanta fiɗar haihuwa kyauta a 2009, da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki a 2011. A tambaya a wurin biyan kuɗi abin da ya hau kan mutum da abin da bai hau ba, a karɓi rasit, amma kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da mai zubar jini a ɗaki.

Yanzu mu koma kan son kai. Yana da alama, kuma mai hankali zai bambanta. In wanda aka wuce da shi an ɗauko shi ne ranga-ranga, ko ma'aikata sun ruga kansa da ƙarin ruwa da iskar numfashi, wannan doka ce, sai mu yi masa addu'a. In kuwa mutum ne ya shigo da ƙafarsa yana taƙama da babbar riga, aka yi raha aka shige da shi, ga mai suma kwance a ƙasa, wannan karya doka ce, kuma dokar tantancewa ita ce hujjarmu a kansa. Ba da zagi ko cin kwala ake gyara shi ba. A riƙe rana da lokaci, a kai wa majon sashe, ko shugaban asibiti, ko wakilan jama'a da ke kwamitin kula da asibiti. Sai dai mu ma mu tsarkake kanmu. Wanda ya nemi a shigar da shi gaba don shi Alhaji ne, ko ya miƙa goro a ɓoye don a tsallake da matarsa, ya sani wurin da ya saya na wani ne, wataƙila na jaririn da ba zai kai magariba ba. Girman dattijo a wannan wuri shi ne ya ce, "'Yata, shige da yaron nan, ni zan jira."

Muna kuma da roƙo ga hukumomin lafiya na shiyyarmu. A manna bayanin wannan tsari a ƙofar kowane asibiti, da zane da launi, cikin Faransanci da Dandanci da Hausa da Fulatanci. A riƙa karanta shi a gidan rediyo. A sa mai tantancewa tun daga ƙofa, kafin wurin biyan kuɗi, dare da rana. Ma'aikaci kuma ya daure ya faɗa wa masu jira kalma guda, cewa an kawo wanda ransa ke hannun Allah, a yi haƙuri. Mutanenmu ba su ƙi jira ba, abin da suka ƙi shi ne a bar su cikin duhu. Mu kuma samarinmu su riƙa ba da jini tun kafin a nema, domin yaron da aka shigar gaba saboda ƙarancin jini, in ba jini a firji, shigar da shi gaban bai amfana komai ba.

Saboda haka, jama'a, duk ranar da aka ce ka zauna ka jira a ɗakin gaggawa, bayan an duba ka an auna ka, ka sani an yi maka albishir ne cewa naka da sauƙi. Wanda ya kamata a tausaya wa shi ne wanda aka ruga da shi ciki. Muna roƙon limamanmu da sarakunan zango da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata su isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa karatu, masu karatu kuma su karanta wa iyayensu mata a gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, ya kare mu daga ciwon farat ɗaya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.